Makarantar Rumasa'u

Kowace safiya fensir biyu Mounira take feƙewa, alhali ɗaliba ɗaya ta rage mata. Takan ajiye ɗaya a gaban Zahara, ɗayan kuma ta ɗora shi a gefen teburin da ke kusa da taga, inda rana take fara sauka. Da azahar sai ta mayar da shi cikin gwangwani, tsininsa bai taɓa takarda ba. Washegari ta sake feƙe shi. Haka fensirin yake ta gajarcewa bai rubuta ko baƙi ɗaya ba, in ya ƙare ta ɗauko sabo.

Ɗakin shi ne na ƙurya a ɗan gidan katakon da suke haya a unguwar Glenwood. Akwai farin allo a bango, da taswirar duniya wadda aka kewaye Maraɗi a cikinta da jan biro, da kujeru biyu da mijinta Zabeirou ya tsinto a bakin titi lokacin da ɗaliban jami'a suke kwashe kaya. A jikin ƙofar an manna takarda da rubutun yara, kowane harafi da launinsa: Makarantar Rumasa'u. Mai rubutun ta rasu a sanyin bara, tana da shekara goma sha biyu.

Rumasa'u ce 'yar farin Mounira, a goye aka kawo ta daga Maraɗi zuwa garin Greensboro, can ƙetaren teku, da ciwon sikila a jininta. Da ta shiga makarantar gwamnati sai ya zama sati ɗaya tana aji, sati biyu tana asibiti. Wasiƙu suka fara zuwa, na farko da ladabi, na baya da ambaton kotu. Zabeirou, wanda yake wuni yana lodin kaya a wani babban sito a titin Wendover, da ya ji an ce kotu sai barci ya ƙaurace masa. Hajiya Kubura ce ta ba su mafita, wata Bakanuwa da ta daɗe a garin har ta san ƙofar kowane ofis.

"Ku cire ta mana," in ji Hajiya. "Dokar jihar nan ta yarda uwa ta koyar da 'yarta a gida. Sai dai kun san mutanen, ko numfashi za ka yi sai sun ga takardarka."

Sharuɗɗan ba su da yawa, amma kowanne da ƙayarsa. A sanar da wani ofis a Raleigh, babban birnin jihar. A yi karatu wata tara a shekara, a riƙa rubuta ranakun da ɗaliba ta zauna, a ajiye katin rigakafi, a yi jarrabawa sau ɗaya kowace shekara. Mai koyarwa kuma dole ta mallaki shaidar gama sakandare. Nan ne aka kama Mounira, domin saura shekara ɗaya ta gama ta baro Maraɗi. Ta daure ta koma karatu da girmanta. A gefen gadon asibiti ta yi mafi yawan bitar, yarinyar tana kwance da ƙarin ruwa a hannu tana yi mata tambayoyi, tana dariyar yadda take lanƙwasa Turanci kamar Faransanci. Ranar da sakamako ya fito, Rumasa'u ta fi uwar murna.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi sauƙi a ganin kowa: makarantar sai da suna, kuma an gargaɗe su cewa sunan da aka rubuta ba a sake shi. Zabeirou ya riƙe biro yana jero sunayen Larabci masu haske da shiriya. Rumasa'u ta bari sai da ya gama, sannan ta ce, "Baba, ai ɗalibar ɗaya ce. A sa sunana."

Ya yi dariya ya rubuta. Ita kuwa ba shi take kallo ba, uwarta take kallo, idonta yana ƙyalli irin na wanda ya ɗana tarko ya ga ya zauna daidai.

"To, Mama, yanzu sai mu gani. In an tambaye ki ina kike koyarwa, me za ki ce?"

Gaskiyar magana, Mounira ba ta taɓa kiran sunan yarinyar da bakinta ba. 'Yar fari ce, ta yaya? Uwar Mounira har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan babban ɗanta a bakinta ba, kuma babu wanda ya ce ba ta son sa. A can gida kowa ya san kunya ce, kowa ya san abin da yake ƙarƙashinta. Da Rumasa'u tana ƙarama "ke" ce, ko "'yar nan". Da aka haifi Zahara sai ta zama "Yaya", aka huta. Amma yarinyar da ta tashi a Greensboro, inda uwaye suke tsayawa a bakin filin wasa suna ƙwala sunayen 'ya'yansu har maƙwabta su haddace, ba ta ga abin hutawa a ciki ba.

"Mama, sunana nauyi ne da shi?"

"Ke, tafi can. Wa kika taɓa jin ya kira sunan ɗan fari?"

"Uwar kowa."

"To ni ba uwar kowa ba ce."

Abin ya zama wasa a tsakaninsu, kuma Mounira ta iya wasan. In ana bukatar waya, Zabeirou ne yake bugawa. In mata sun tambaye ta a masallaci, sai ta ce "makarantarmu ta gida". In za a yi odar takardun jarrabawa, ta rubuta sunan da biro, domin hannu ba ya jin kunya. Duk lokacin da ta zille, Rumasa'u takan tafa hannu ta ce, "Saura ƙiris yau! Zan kama ki." Shekara uku suna wannan, uwar tana ci kullum, tana kuma jin daɗin cin.

Ciwon ƙarshe ya zo kamar sauran, shi ya sa ba ta tsorata da wuri ba. Wata la'asar ce, ana yayyafi mai sanyi. Ma'aikatan jinya suna shiga suna fita, kowacce da yadda take karya sunan, amma dai suna faɗa. Mounira tana zaune tana matsa mata gwiwoyi tana cewa, "Sannu, Yaya. Sannu." Yarinyar tana kallon ta ta saman abin numfashin da ya rufe mata baki da hanci. Ba ta roƙa ba. Da ta roƙa da an yi mata, wannan Mounira ta sha rantse wa kanta. Amma ba ta roƙa ba, kallo kawai ta yi, kuma kafin magariba an rufe ta da farin ƙyalle.

Mutanen gari suka yi musu kara. Ba a shawarta ba, ba a sanar ba, aka daina kiran Mounira Maman Rumasa'u aka koma Maman Zahara. Zabeirou da kansa, in zai ambaci yarinyar, sai ya ce "marigayiya". Sunan ya ɓace daga bakin kowa. Wuri biyu kawai ya rage: jikin ƙofar nan, da wani ofis a Raleigh inda har yanzu makarantar take a buɗe. Mounira ba ta rufe ba. Bayan sadakar arba'in ta ɗauko Zahara ta zaunar da ita a teburin.

Yanzu ga watan Agusta ya zo da zafinsa mai ɗanko, Zahara kuma za ta cika shekara bakwai. Doka ta ce daga bakwai yaro sai ya kasance a wata makaranta, ko ta gwamnati ko ta gida. Kafin nan babu ruwan kowa. Daga nan kuwa sai an zaɓa.

Zabeirou ya dawo daga aiki wata yamma, ya cire takalmansa masu ƙarfe a baki, ya zauna a kicin bai taɓa abincin ba.

"Na biya ta lakwal ɗin unguwa," ya ce, yana nufin makarantar gwamnati. "Sun ce akwai wuri. Bas ma a ƙofar gidan nan take tsayawa."

"Tana da makaranta, Malam."

"Mounira."

"Me ya rage? Ranakun suna rubuce, katin rigakafi yana nan, jarrabawa zan yi mata in lokaci ya yi. Wace doka na taka?"

"Ba ki taka ko ɗaya ba. Ni ba dokar nake tsoro ba." Ya shafa fuskarsa. "Waccan ciwo ne ya tsare ta a gida. Wannan me ya tsare ta? Likita ya auna jininta sau nawa? Lafiyarta ƙalau. Amma kin lura da yadda take tafiya kwanan nan?"

Ta lura, ta dai ƙi gani ne. Zahara, wadda a da sai an yi da gaske ake sauko da ita daga kan katanga, ta fara jan ƙafar hagu. Ta daina leƙa taga in yaran maƙwabta suna tsere da kekuna. Ta tono robar ruwan zafin yayarta daga ƙasan gado, tana zama da ita a kan gwiwa a tsakiyar wannan zafin. In ta ce "Mama, ƙashina," Mounira takan saki duk abin da take yi ta zo da gudu, ta durƙusa, ta matsa, ta dube ta da irin kallon da ba ta yi mata a sauran lokuta. Yaro kuwa ba ya bukatar a gaya masa abin da yake jawo uwarsa.

"In an sa ta can," in ji Mounira, muryarta ƙasa ƙasa, "sai na gaya wa Raleigh na rufe. Haka dokar ta ce. Su share sunan."

"Su share mana. Yana zuciyarmu."

"A bakinka ma babu shi."

Ya tashi ya yi alwala, ya bar abincin ya huce.

Bayan kwana kaɗan Hajiya Kubura ta biyo da hantsi, ta kawo musu kuka da daddawa da wani ya zo da su daga gida. Ta yi sallama ta wuce kai tsaye ɗakin karatu kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa, ledar ta suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Zahara ce zaune a kujerar taga, ta ba ƙofa baya. Ta yafa shuɗin mayafin yayarta, ta karkatar da kai gefe guda, robar ruwan zafi a cinya, ƙafar hagu a miƙe. Rana ta sauka a wuyanta daidai inda take sauka a wuyan waccan. Mounira da take tsaye a gaban allo ta bi idon Hajiya, ita ma sai ta ga abin da Hajiya ta gani, ko da yake tun safe take tare da yarinyar.

Hajiya ta ja ta zuwa kicin ta rufe ƙofa.

"Maman Zahara, ni na nuna miki hanyar makarantar nan, don haka ina da bakin magana. Wallahi na zaci ita ce. Tsigar jikina har yanzu ba ta kwanta ba. Allah ya karɓi ɗaya, ke kuma kina neman ki miƙa ɗayar da hannunki?"

"Anti, ni ban sa ta ba. Ita take ɗaukowa."

"Na sani. Shi ne abin tsoron."

Da Hajiya ta tafi, Mounira ta koma ɗakin. Zahara tana nan inda take, amma yanzu fensirin taga ne a hannunta, wanda ba a rubutu da shi. Tana kwafar haruffan jikin ƙofa a littafinta, ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje.

"Ajiye wannan. Ga naki can."

Yarinyar ta ajiye. Ta ɗago ta yi magana da Turanci, kamar yadda takan yi in abu ya dame ta da gaske.

"Mama, kin manta sunanta ne?"

"Wa ya ce miki?"

"Ba kya faɗa. Baba ma ya daina. Yaya ta ce min wata rana za ta kama ki ki faɗa, ta ce in taya ta saurare. Ina ta saurare." Ta gyara mayafin a kafaɗarta. "In don babu mai amsawa ne, ki kira ni da shi. Zan amsa. Na iya yadda take cewa na'am."

Sai ta yi. Ta karkatar da kai, ta ja ƙarshen kalmar sama da 'yar shaƙaƙƙiyar murya, sak muryar da aka binne a sanyin bara. Tsoro ya kama Mounira irin wanda ba ta ji ba ko a asibiti, domin a can ciwo ne yake ɗaukar mata 'ya, a nan kuwa babu kowa a ɗakin sai ita. Ta durƙusa, ta zare mayafin a hankali, ta ɗauke robar ruwan zafin, wadda ma ruwan cikinta ya daɗe da hucewa.

"Ke Zahara ce," ta ce. "Zahara. Tashi ki je waje ki yi wasa."

"Ƙafata..."

"Ƙafarki lafiya lau. Tashi."

Yarinyar ta fita tana ɗingishi har bakin ƙofar gida. Mounira ta leƙa ta taga. Wani kurege ya sauko daga itacen gaban gida, Zahara ta tsaya tana kallon sa, ta waiwaya ta ga kamar babu mai ganin ta, sai ta bi shi da gudu.

Washegari da safe, bayan Zabeirou ya fita, Mounira ta ɗauki wayar kicin ta buga Raleigh. Ta shirya tsaf, domin tsohon ɗan wasa ba ya manta wasansa. Za ta ba su sunanta, da gundumar, da adireshin gida, su nemo da kansu.

Wata mata ce ta ɗauka, ta ce sunanta Angelina. Muryarta irin ta mutanen jihar ce, mai jan magana a hankali. Mounira ta faɗi abin da ya kawo ta, ta jero abin da ta shirya. Ta ji ƙarar maɓallan kwamfuta.

"Na gan ki," in ji matar. "Komai naki daidai yake, ba mu taɓa samun matsala da ke ba. Yarinyar za ta koma makarantar gwamnati ke nan?"

"Ƙaramar. E."

"To, ba wuya. Yanzu zan rufe."

Shi ke nan, Mounira ta sake zillewa. Ko a wannan karon ma ta ci. Ta tsaya da wayar a kunne tana jiran daɗin cin, sai ta ji babu komai a wurin sai ɗaci. Daga inda take tana hango ƙofar ɗakin ƙurya da haruffanta masu launi.

"Kafin in danna," in ji Angelina, "ki yi haƙuri da tambaya. Sunaye nake karantawa wuni guda, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba na so in ɓata shi. Yaya ake faɗin sa?"

Babu dokar da ta ce sai ta amsa. Tana iya cewa yadda aka rubuta haka ake faɗa. Firji yana ta gurnani, can nesa jirgin ƙasa ya yi kuka ya wuce. Ta buɗe baki, harshenta ya yi nauyi kamar na mai koyon magana.

"Rumasa'u."

Ya fito a shaƙe, da ƙyar ita kanta ta ji.

Matar ta gwada, ta haɗiye ƙarshen sunan.

"A'a," in ji Mounira. "Akwai 'yar tsayawa kafin ƙarshe. Ru-ma-sa-'u. Rumasa'u."

"Rumasa'u."

"Haka ne."

"Yana da daɗi. Sunan wani wuri ne a ƙasarku?"

"Sunan 'yata ne. Ta fari. Ita ta zaɓa." Ta dafa bango. "Ta rasu bara."

Da matar ta sake magana, muryar ofis ta fita daga bakinta. Ta yi ta'aziyya irin tasu, ta ce in Mounira tana so a bar shi zuwa wani lokaci, babu gaggawa.

"Ki rufe," in ji Mounira.

Ta ji ƙarar maɓalli guda ɗaya.

Ranar da aka koma makaranta, bas mai ruwan ɗorawa ta tsaya a ƙofar gidan da sassafe tana wal-wal da jajayen fitilu. Zabeirou ya nemi izinin makara a wurin aiki don ya gani da idonsa. Zahara ta sha sabon kitso, jakar da ke bayanta ta kusa fin ta girma. Ta haye matakalar da tsalle biyu, ba ta ko waiwayo ba, sai da uban ya ƙwala mata kira sannan ta manna tafin hannu a gilashi. Bas ta sha kwana. Zabeirou ya dubi matarsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya shiga motarsa.

Mounira ta koma ciki ta rufe ƙofa. Ta wanke kofunan shayi, ta share kicin, ta ɗora wake a wuta. Da ayyukan suka ƙare ta tsinci kanta a ɗakin ƙurya, abin feƙe fensir a hannunta. Ta dube shi, ta mayar cikin gwangwani. Rana ta riga ta sauka a kujerar taga.

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya, inda takan tsaya in abinci ya nuna. Ta gyara murya. Ba a shaƙe ba wannan karon, da ƙarfi ta kira, yadda matan garin nan suke yi a bakin filin wasa, har sai da gilashin tagar ya amsa.

"Rumasa'u!"

Sannan ta yi shiru, ta ba ta lokaci, domin yarinyar ba ta iya tashi da sauri ba.